WARWAREWA DA MAYARWA A ZANEN KWAMFUTA

Zanen fasaha, watau zanen taswirar gida ko na kayan ƙira bisa awo, yana cikin darussan da a ke koyarwa a makarantun sakandare da na koyon sana'a a ƙasar nan. A da, da fensir da rula da kamfas a ke yinsa. Yanzu kuwa galibin masu zanen gine-gine da injiniyoyi da safiyo sun koma kan kwamfuta, saboda haka tilas ne malami ya san yadda a ke yi, in yana so yaransa su ci abinci da abin da ya koya musu.

A cikin darasin nan umurni biyu kaɗai za mu duba. Na fari shi ne wanda ke janye abin da mutum ya yi, zane ya koma yadda ya ke kafin a taɓa shi. Na biyu kuwa shi ne wanda ke komo da abin da aka janye. Turawa na kiransu Undo da Redo, haka kuma yaro zai gan su a rubuce a fuskar kwamfuta. Mu a nan za mu kira su warwarewa da mayarwa, gama aikinsu ya yi kama da na tela sa'ad da ya warware ɗinki, sa'an nan ya mai da shi bisa sawunsa. Kowa na ganin abin da sauƙi, danna maɓalli ne kurum. To, amma a nan ne yara da yawa ke hasarar aikin yini guda, domin ba a gaya musu iyakarsa ba.

YADDA A KE GYARA A DA

Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 a ke koyar da zanen gine-gine a Zariya, duk kuwa da hannu a ke yi. Mai zane ya kan fara da fensir a kan farar takarda. In ya gamsu, sai ya ɗora takarda shara-shara a bisa, ya bi layukan da tawada. Kuskuren fensir da sauƙi, magogi ya isa. Na tawada kuwa sai a sa reza a kankare a hankali, in an matsa hannu takarda ta huje, aikin mako guda ya tashi a banza. Ga kuma wani abu: abin da aka goge ya tafi ke nan. In mai zane ya share ƙofa, daga baya ya ga ashe inda ta ke da fari ya fi kyau, ba wata dabara sai ya sake aunawa ya sake zanawa. Daidai ya ke da yaron da ya wanke allonsa. Ko ya yi kuka, rubutun ba ya komowa daga cikin ruwa.

Wannan hali ya koya wa masu zanen da natsuwa ƙwarai, amma ya sa musu tsoron gwaji. Mutum ya kan tsaya a kan tsarin da ya fara faɗo masa a rai, ko da yana jin akwai wanda ya fi shi, don gudun wahalar sakewa.

ASALIN ABIN

A 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna wata manhaja da ya kira Sketchpad a makarantar fasaha ta MIT. Da ita mutum na iya jan layi a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai gane haske. Ita a ke ɗauka kakar manhajojin zane na yau. Dabarar warwarewa kuwa daga wajen masu rubutu ta fito. Wajen 1968, a Jami'ar Brown, Andries van Dam da ɗalibansa suka yi wata manhajar rubutu mai suna FRESS, wadda ke iya janye gyaran ƙarshe da mutum ya yi. Ba a daɗe ba Warren Teitelman ya sa irin wannan dabara cikin kayan aikin masu tsara manhaja, har tasa tana tuna jerin abubuwan da aka yi.

Kamfanin Apple ne ya kai abin ga talakawa da kwamfutocinsa, Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, inda aka ba harafin Z wannan aiki. Daga nan sauran kamfanoni suka bi. Shi ya sa har yau, in ka riƙe maɓallin Ctrl ka danna Z, kusan kowace manhaja za ta warware maka, Ctrl da Y kuma a galibinsu su mayar. A jeren maɓallan Turanci, Z na ƙasa daga hagu, kusa da Ctrl. In yaro ya sami kwamfutar da aka sayo daga Kamaru ko Nijar mai jeren Faransanci, sai ya neme shi a layin sama.

Manhajar zane da aka fi sani a ofisoshin ƙasar nan ita ce AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a watan Disamba 1982. Da ita za mu yi misali. Akwai kuma na kyauta, kamar LibreCAD da FreeCAD, waɗanda makaranta marar kuɗi za ta iya sa wa a kwamfutocinta ba tare da biyan ko kwabo ba. Sunayen umurni na iya bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce.

TULI BIYU

Ƙaƙa kwamfuta ke tuna abin da aka yi? Ku ɗauka akwai akawu a zaune kusa da mai zane, da katuna a hannunsa. Duk sa'ad da mai zane ya ba da umurni, sai akawun nan ya rubuta a kati abin da aka yi da yadda za a kwance shi, ya ajiye katin a hannun hagu, bisa na baya. In an matsar da ƙofa ƙafa biyu gabas, ya rubuta cewa maganinta shi ne a matsar da ita ƙafa biyu yamma. In an share taga, tilas ya rubuta tsawonta da faɗinta da inda ta ke, gama sai da waɗannan za a iya komo da ita. A haka katuna ke taruwa su zama tuli, sabo a bisa, tsoho a ƙasa, kamar jeren kwanoni a ɗakin amarya.

In mai zane ya ce a warware, akawu ya ɗauki katin da ke bisa, ya aikata maganin da ke rubuce, sa'an nan ya ajiye katin a hannun dama. In an sake cewa a warware, ya ɗauki na biye ya ɗora bisa wancan. In kuwa aka ce a mayar, sai ya ɗauko na bisa daga dama, ya sake aikata shi, ya mai da shi hagu. Daga wannan ƙa'idodi uku ke fitowa, ya kamata kowane yaro ya hardace su.

Ta fari, daga bisa a ke ɗauka. Ba shi yiwuwa a zaro kati na biyar a bar na shida da na bakwai, kamar yadda ba a zaro kwanon tsakiya daga jere sai an sauke na samansa.

Ta biyu, ita ce mai haɗari. In akwai katuna a hannun dama, mai zane kuwa ya yi wani sabon aiki, komai ƙanƙantarsa, sai akawu ya kwashe tulin dama duka ya zubar. Dalili kuwa shi ne, waɗancan katuna an rubuta su ne bisa zanen da ya riga ya sake. Katin da ya ce a sa taga a bango kaza ba shi da ma'ana in an rushe bangon.

Ta uku, akawun nan ba ya kwana a ofis. Tulin biyu suna zaune ne cikin zaman aikin da a ke ciki, ba su shiga cikin fayil ɗin da aka adana. Da an rufe zane, sun watse.

Waɗansu manhajoji har suna ƙayyade yawan katunan da za su riƙe, don kada su cika wa kwamfuta ciki. FreeCAD, alal misali, taki 20 ta ke riƙewa in ba a sake mata lissafi ba. In an yi na 21, sai na can ƙasa ya faɗi.

MISALI DAGA UNGUWAR TURAKI

Jalingo tsohon gari ne. Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da shi mazauninsa a 1893. Amma tun daga ran 27 ga Agusta 1991, da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka mai da shi babban birninta, gini bai tsaya ba. A unguwanni irin su Turaki da Majidadi da Sintali da Barade a kan rushe ɗakin ƙasa a tada na bulo, mai gini kuwa ana bukatar ya kai taswira wurin hukuma kafin ya fara. Wannan aiki ne da yaranmu za su iya samu in sun ƙware.

To, mu ɗauka wani magidanci a Turaki yana da fili ƙafa 50 da 100, ya ba wani yaro aikin zana masa gida. Yaron ya bi taki takwas kamar haka:

1. Ya zana katanga kewaye da filin.
2. Ya zana zaure a gaba.
3. Ya zana ɗakuna uku.
4. Ya sa rijiya a kusurwar gaba.
5. Ya sa masai a tsakiyar gida.
6. Ya sa tagogi.
7. Ya sa ƙofofi.
8. Ya rubuta awon kowane bango.

Da ya gama, sai malaminsa ya duba ya ce masai ya yi kusa da rijiya. Masana tsafta kan ce a bar tsakaninsu mita 30 in da hali, watau kusan ƙafa 100, don kada ƙazanta ta tsiyaya cikin ruwan sha. A filin ƙafa 50 da 100, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta wajen ƙafa 112 ne, saboda haka ba inda masai zai zauna sai can kusurwar baya.

Yaro mai garaje sai ya danna Ctrl da Z sau huɗu. Awo ya tafi, ƙofofi sun tafi, tagogi sun tafi, masai ya tafi. Yanzu a hagu akwai katuna huɗu, a dama huɗu, na masai a bisa. Har yanzu bai yi hasarar komai ba, in ya so zai mayar da su duka. Sai ya zana sabon masai a kusurwar baya. Nan take tulin dama ya zube. Ya danna Ctrl da Y, shiru. Tagogi da ƙofofi da awo, aikin da ya ci masa sa'a biyu ko uku, sai ya sake su daga fari.

Me ya kamata ya yi? Da bai taɓa warwarewa ba sam. Da ya zaɓi masan, ya ba da umurnin MOVE, ya kai shi kusurwar baya, ya gyara awo ɗaya ko biyu da suka shafe shi. Aikin minti biyu ke nan. Ga abin da za a riƙe: kuskuren da aka yi yanzu-yanzu shi a ke warwarewa, tsohon kuskure kuwa gyara shi a ke yi a inda ya ke. Tela ba ya farke riga duka don aljihu ya karkace.

UMURNIN DA YA KAMATA YARO YA SANI

A AutoCAD a kan rubuta umurni a wani layi da ke ƙasan fuskar kwamfuta. Ga waɗanda suka shafi darasinmu.

U. Harafi guda ne, yana warware aiki ɗaya, daidai da Ctrl da Z. Ana iya maimaita shi har zane ya koma yadda ya ke sa'ad da aka buɗe shi. Ku lura da wani abu. In yaro na cikin jan layuka da umurnin LINE, ya ja huɗu, na huɗun ya karkace, ya rubuta U tun bai fita daga umurnin ba, na huɗun kaɗai zai tafi. In kuwa ya riga ya fita, U zai kwashe huɗun gaba ɗaya, gama a kati guda aka rubuta su.

UNDO. Wannan shi ne babban yayan U. In an rubuta shi aka bi shi da lamba, misali 5, sai ya warware taki biyar lokaci guda.

REDO. Yana komo da abin da U ko UNDO na ƙarshe ya janye, amma sai in shi ya biyo baya nan da nan. Akwai kuma MREDO, mai mayar da taki da yawa. AutoCAD na lissafa kusanto da zane da nisanta shi da turo shi gefe a cikin ayyuka, don haka a hori yaro, in ya warware, ya ɗauke hannunsa daga linzamin kwamfuta tukuna, ya duba da ido, ya yanke shawara.

Mark da Back. Suna cikin zaɓin UNDO. Mark kamar kafa turke ne a hanya. A ce mai gidan nan na Turaki ya zo ya ce, "Yaro, gwada mini in gani, in an mai da ɗakunan huɗu, tsakar gida za ta ragu da yawa?" Kafin yaro ya fara, sai ya rubuta UNDO, ya zaɓi Mark, sa'an nan ya yi ta gwaji yadda ya ga dama. In mai gida ya ce bai yi ba, sai ya rubuta UNDO, ya zaɓi Back, zane ya koma daidai gindin turken, ba sai an ƙirga taki ba. Ana iya kafa turke da yawa, Back na komawa gare su ɗaya bayan ɗaya. Amma in babu turke ko ɗaya, kwamfuta za ta tambaya ko a warware komai da komai. Yaron da ba ya karanta tambaya kafin ya amsa, a nan zai ga zanensa ya koma yadda ya same shi da safe.

BEgin da End. Su ma cikin UNDO su ke. Duk abin da aka yi tsakaninsu a kan ɗaure shi dami guda, U ɗaya ya kwashe shi.

OOPS. Kalmar nan kamar mutum ya ce "kash" ce. Wannan umurni ba ya bin tuli. Abin da aka share na ƙarshe da umurnin ERASE shi ya ke komo da shi, ko da an yi ayyuka da yawa a bayansa, kuma ba ya taɓa su. In yaro ya share zaure bisa kuskure, bai lura ba sai da ya gama tagogi da ƙofofi, OOPS zai komo masa da zauren, tagogi da ƙofofi na nan. Sharaɗi guda ne, kada ya zama ya sake share wani abu a tsakani, gama sharar ƙarshe kaɗai a ke tunawa.

To, in abin da a ke nema ya yi nisa a ƙasan tuli, OOPS kuma ba zai kai gare shi ba fa? Akwai dabara. A fara adana zane yadda ya ke. Adanawa ba ta watsa tuli a AutoCAD. Sa'an nan a warware har abin ya bayyana, a zaɓe shi a kwafe da Ctrl da C, a rufe zanen ba tare da an adana ba. A sake buɗe shi, zai zo da aikin ƙarshe cikakke, sai a manna abin da aka kwafo da Ctrl da V. Wurin da a ke zamewa shi ne wajen rufewa. Kwamfuta za ta tambaya ko a adana, amsa kuwa a'a ce.

ABIN DA BA YA WARWARUWA

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Akwai ayyukan da su ma haka su ke, ko a kwamfuta.

Na fari, ɗaukewar wuta. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san ba ta sallama. In kwamfutar tebur ce, ba ta kuwa da batirin da zai riƙe ta, tulin biyu da duk abin da ba a adana ba sun tafi tare. AutoCAD na da taimako biyu a nan. Tana ajiye kwafi da kanta kowane minti 10, in ba a sake lissafin ba, cikin fayil mai wutsiyar sv$. Kuma duk sa'ad da aka adana zane, ta kan bar wanda ya gabace shi cikin fayil mai wutsiyar bak. In an sake wa ɗayansu wutsiya zuwa dwg, zai buɗu kamar kowane zane. Amma ku sani, na sv$ a kan share shi in an rufe zane lafiya lau, na bak kuwa taki ɗaya kaɗai ya ke komawa baya. In yaro ya ɓata zane, ya adana sau biyu a jere, mai kyan ya tafi. Rigakafi ya fi magani: a saba wa yaro da danna Ctrl da S duk sa'ad da ya gama wani yanki, kowace rana kuma ya ajiye kwafi da sabon suna mai kwanan wata, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi.

Na biyu, abin da ya fita daga kwamfuta. Warwarewa ba ta janye adanawa, ba ta janye bugawa a takarda. Taswirar da aka buga aka ba birkila, ko aka aika masa ta waya, tana hannunsa, ko an warware sau ɗari a ofis. Don haka masu zane ke sa wa kowane gyara harafi da kwanan wata a kusurwar takarda, A, B, C, su kuma karɓe tsohuwar daga wurin aiki. In ba haka ba, mai zane na duban C, birkila na haƙa harsashi da A.

Na uku, gini kansa. A kwamfuta, matsar da bango ƙafa biyu bai wuce ƙiftawar ido ba. In bulo ya hau, siminti ya kama, sai guduma da kuɗin mai gida, wanda watakila ya shekara goma yana tarawa. Amfanin warwarewa ke nan na gaskiya. Tana ba mai zane dama ya ƙare kurakuransa duka a inda ba su da tsada, ya gwada tsari uku ko huɗu ya zaɓi mafi kyau, abin da masu tawada da reza ba su samu ba.

TARIHIN DA A KE ADANAWA

Akwai wani iri da yara kan rikita shi da warwarewa. Manhajojin da a ke zana kayan ƙira da su masu tsawo da faɗi da kauri, kamar SolidWorks da ta fito a 1995, da FreeCAD, suna rubuta matakan ƙirar a jere a gefen fuskar kwamfuta, wannan jeri kuwa yana shiga cikin fayil. A ce ana zana wani ƙarfe na injin niƙa: an fara da faifai, an huda shi, an yi masa ramukan kusoshi huɗu, an dadashe bakinsa. Bayan wata guda ana iya buɗe shi a koma matakin fari, a ƙara kaurin faifan, kwamfuta ta sake bin sauran matakan da kanta. A nan an iya taɓa kwanon tsakiya. Amma da sharaɗi. In gyaran ya kawar da abin da wani mataki na gaba ya dogara a kansa, wannan matakin zai tsaya da alamar kuskure, sai an bi shi an gyara. Saboda haka a koya wa yaro ya jera matakansa da hankali tun daga fari.

YADDA ZA A KOYAR

Makarantu da yawa kwamfutocinsu kaɗan ne, yara kuwa da yawa. Wannan bai hana darasin nan ba, gama rabinsa da alli da katuna a ke yinsa. Ga tsari na minti 40.

A minti 10 na fari, malami ya fito da yara biyu. Ɗaya mai zane ne a babban allo, ɗaya akawu ne a tebur da katuna. Malami ya ba da taki takwas ɗin nan na gidan Turaki ɗaya bayan ɗaya, mai zane na zanawa, akawu na rubutawa yana tulawa a hagu.

A minti 10 na biyu, malami ya riƙa cewa "warware" ko "mayar", aji su faɗi katin da za a ɗauka kafin akawu ya taɓa shi, mai zane kuma ya share ko ya zana. Sa'an nan, da katuna huɗu a dama, malami ya ba da sabon umurni, akawu ya kwashe tulin dama ya zuba a kwandon shara a gaban kowa. Yara ba su manta wannan.

A minti 15 na biye, su tafi kan kwamfuta rukuni-rukuni su yi da hannunsu. Malami ya bar su su yi hasarar tulin dama da gangan, sau ɗaya, a kan zanen da ba shi da amfani. Su gwada OOPS, su gwada Mark da Back. Minti 5 na ƙarshe na tambayoyi ne.

Malami ya lura da yara iri biyu. Akwai mai tsoro, wanda ya riƙe linzami ya kasa taɓa komai. Shi a nuna masa warwarewa tun ran fari, a ce masa ya yi ta gwaji, ba abin da zai fashe. Akwai kuma mai ja ya warware, ya ja ya warware, ba ya auna komai, yana jira sa'a ta ba shi daidai. Shi a sa shi ya fara zana tsarinsa da fensir a takarda, ya rubuta awo, kafin a bar shi ya zauna gaban kwamfuta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya haɗa ƙarfin halin gwaji da natsuwar masu zanen da, shi ne wanda magidanta za su amince su ba shi filinsu. Allah ya sa mu dace.

TAMBAYOYI

1. Faɗi ƙa'idodi uku na tuli biyu, ka ba da misalin kowace daga aikin tela ko na magini.
2. Yaro ya yi taki 10, ya warware 6, ya mayar da 2, sa'an nan ya ja sabon layi. Katuna nawa ke hagu, nawa ke dama, nawa aka zubar?
3. Mene ne bambancin U da OOPS? A wane hali OOPS ba zai taimaka ba?
4. Wuta ta ɗauke da ƙarfe 11.38, yaro ya adana zanensa na ƙarshe da ƙarfe 10.00. Ina zai nemi aikinsa, kuma me zai yi wa fayil ɗin kafin ya buɗu?
5. Don me a ke sa wa taswira harafi da kwanan wata kafin a kai ta wurin gini?
6. Shirya darasi na minti 40 a kan Mark da Back domin aji mai yara 60 da kwamfuta 5.